Zinariyar Ƙasashen Anka da Bukkuyum: Kwanciyarta Cikin Dutse, Mallakarta da Yawan Abin da Ake Samu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saurari zancen arzikin ƙarƙashin ƙasa na yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, zai ji magana iri biyu. Wasu na cewa mutanen yankin suna zaune bisa dukiyar da ta isa ta riƙe Nijeriya gaba ɗaya. Wasu kuwa na cewa ba abin da haƙar ta jawo musu sai gubar dalma da tashin hankali. A cikin wannan takarda za mu duba tambayoyi uku: yaya ma'adinin yake kwance a cikin dutse, wa ya mallake shi, kuma nawa ake samu? Abin da muke son nunawa shi ne, amsar tambaya ta farko ita ke jan ragamar sauran biyun. Domin a gane haka sosai za mu riƙa gwada yankin namu da wata babbar mahaƙar jan ƙarfe da kobalt mai buɗaɗɗen rami a ƙasar Kwango, watau Tenke Fungurume, gama irinta ce mutane ke hange in sun ce kamata ya yi a kawo manyan kamfanoni Zamfara.

2.0 Yanayin Duwatsun Yankin

Mafi yawan ƙasar Zamfara tana zaune ne a kan tsohon dutsen gindi, wanda ya sha matsa da zafi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ƙasa suka yi karo da juna a wannan nahiya. A lokacin ne narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya daskare ya zama irin duwatsun nan masu sulɓi, kamar Dutsen Kwatarkwashi. A tsakanin waɗannan akwai wasu zirara na wani dutse dabam, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu kamar kunyoyin gona. Asalinsu laka ne da yashi da tsakuwa da aman dutse, amma matsa da zafi suka sāke musu kama, suka zama dutse mai falle-falle wanda ke ɓarewa kamar shafukan littafi. Masana na kiransa shist. Akwai zirin Anka, da na Maru, da na Wonaka, da na Zuru, da na Birnin Gwari, har zuwa na Ilesha a ƙasar Yarabawa. Tsawon zirin Anka ya ɗara kilomita 100.

Zinariyar ba ta bazu cikin dukan zirin ba. Wata babbar tsaga ta ratsa ƙasar daga Anka ta bi ta Yawuri ta nufi kudu, tana da ƙananan rassa masu yawa. Ta cikin waɗannan rassa ne ruwa mai tsananin zafi ya hauro daga ƙarƙashin ƙasa ɗauke da narkakkun ma'adinai, da ya huce sai ya bar farin dutsen nan da muke kira ƙanƙara cike da tsagar. Wannan cikon shi ne jijiya. A cikin jijiyar ake samun ƙwayoyin zinariya, galibi ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Tsofaffin mahaƙun zamanin Turawa na ƙasar Anka, irin su Kwali da Jameson da Zuzzurfa da Kuba, duk a kan irin waɗannan jijiyoyi suke. W. Russ ya bayyana duwatsun yankin a rahotonsa na Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya na 1957, daga baya kuma Farfesa Ibrahim Garba na Jami'ar Ahmadu Bello ya zurfafa bincike a kan zinariyar da ke cikinsu.

Abubuwa biyu game da jijiyoyin nan sun cancanci mu tsaya a kansu. Na farko, sirara ne kuma gajeru. Da wuya a sami wadda tsawonta ya wuce rabin kilomita, kuma takan yi kauri a nan, ta tsuke a can, ta ɓace, sa'an nan wata ta ɓullo a gaba. Na biyu, zinariya ba ita kaɗai ce a ciki ba. Ruwan da ya kawo ta ya kawo ma'adinin jan ƙarfe kaɗan, wanda ke barin tsanwan tabo a jikin dutse, ya kuma kawo ma'adinin dalma. Wannan na biyun ba baƙo ba ne ga Bahaushe ko kaɗan, domin shi ne baƙin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli. A wasu jijiyoyin dalmar kaɗan ce, a wasu kuwa ta yi yawa ainun, kuma mai haƙa ba shi da hanyar rarrabewa da ido in dutsen ya riga ya rube.

Gummi ba ta shiga wannan bayani sosai ba. Idan aka nufi yamma, tsohon dutsen yakan nutse a ƙarƙashin shimfiɗar yashi da laka da tsakuwa ta kwarin Sakkwato, wadda masana suka laƙaba wa sunan Gundumi. Arzikin wannan shimfiɗa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da laka da fadamun Gulbin Zamfara.

To, bari mu dubi Kwango. A lardin Lualaba, tsakanin Likasi da Kolwezi, jan ƙarfe da kobalt suna kwance ne cikin shimfiɗaɗɗen dutse, hawa bisa hawa, a kan faɗin ƙasa mai yawa. Abin da ke cikin dutsen bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na jan ƙarfe ba, kobalt kuwa bai kai ko rabin kashi ɗaya ba. Amma da yake shimfiɗar tana da yalwa kuma ana iya bin ta, in aka yi ta huda ƙasa da injin ana ɗebo samfuri, sai a lissafa tan nawa ke kwance kafin a sa hannu. Wannan lissafi shi ake kai wa banki a karɓo kuɗin sayen manyan motoci da gina masana'antar tacewa, sa'an nan a yaye ƙasar sama a buɗe rami mai hawa-hawa kamar matakala. Irin wannan ma'adini sai mai babban jari. Jijiyar Anka kuwa, mutum biyar da diga da shebur da igiya sun isa su bi ta. Ba wata mahaƙar jan ƙarfe da kobalt irin ta Kwango da ke aiki a yankin namu.

3.0 Wa Ya Mallaka?

A takarda amsar ba ta da wuya. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa dukan ma'adinan da ke cikin ƙasa ko a kanta ga Gwamnatin Tarayya, kuma sha'anin haƙa yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta maimaita haka a sashenta na farko. Wannan ƙa'ida gadon Turawa ce. Lokacin da aka karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, an yarje masa rabin kuɗin da za a riƙa samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99, kuma sai wajen 1950 aka fanshi wannan haƙƙi da kuɗi. Dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 suka tabbatar da mallakar ga Sarautar Ingila, bayan samun mulkin kai kuma Gwamnatin Tarayya ta gāje ta.

Ƙasar da ke saman ma'adinin kuwa hukuncinta dabam ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ta a hannun Gwamnan Jiha a matsayin amana. A ƙauye kuma, kowa ya san gonar wane ce, ya san wanda ya gāda da wanda ya saya, kuma dagaci da hakimi su ne shaidu. Ke nan a kan fili guda akwai masu iko uku: manomi na da gona, Gwamna na da ƙasa, Abuja na da abin da ke ƙarƙashi.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin shari'a, musamman da yake Zamfara ce ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 1999 da 2000. Magana mafi shahara a mazhabar Malikiyya ita ce, al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba wanda ya ga dama domin maslahar jama'a, ko da a gonar wani aka same shi. Wanda ya haƙo zinariya kuma zai fitar da zakkarta nan take in ta kai nisabi, watau miskali 20, kimanin giram 85, ba tare da jiran shekara ta zagayo ba, kuma abin fitarwa ɗaya ne cikin arba'in. Saboda haka ƙa'idar cewa mai gona ba shi ne mai ma'adini ba ba ta saɓa wa abin da malamanmu suka karanta a zaure ba. Inda gardama take shi ne wane ne shugaban, kuma wace maslaha ta komo ga mutanen wurin.

Dokar 2007 ta kafa ofishin rajista a Abuja wanda ke ba da izini iri-iri. Akwai lasin bincike na shekara 3 a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 200 ba, akwai hayar ƙaramar haƙa ta shekara 5 a kan abin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, akwai kuma hayar babbar haƙa ta shekara 25. Ta wajabta neman yardar mai fili, da biyansa diyya, da ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara babbar haƙa. Ta kuma so ƙananan mahaƙa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai. A ganinmu tsarin ya fi dacewa da ma'adini mai zama wuri ɗaya, wanda za a zana wa iyaka a taswira a yi shekaru ana aiki a kai. Jijiyar da za ta ƙare cikin 'yan watanni, kafin takarda ta je Abuja ta dawo masu haƙa sun riga sun tashi sun koma wata. Don haka sai aka sami mallaka iri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: mai lasin da ke riƙe da takarda, wanda sau da yawa bai huda ko rami ɗaya ba, da mai ramin da ke riƙe da diga ba shi da takarda. A bayan mai ramin kuma akwai ubangidansa, wanda ke ba da kuɗin abinci da kayan aiki bisa sharaɗin shi za a sayar wa. Da rashin tsaro ya yi tsanani, sai masu bindiga suka shigo suna karɓar rabo, suka zama masu iko na huɗu.

A Tenke Fungurume mallakar a fili take. A 2016 kamfanin China Molybdenum ya sayi kashi 56 cikin ɗari daga hannun Freeport-McMoRan na Amurka a kan dala biliyan 2.65, a 2019 ya kai rabonsa kashi 80, saura kashi 20 na kamfanin gwamnatin Kwango ne, watau Gécamines. Ba mu ce an yi adalci a rabon ba, gama ɓangarorin biyu sun yi rigima mai zafi a 2022 a kan kuɗin da ya kamata a biya gwamnati, har aka tsayar da fitar da kaya wata da watanni. Sai dai rigima ce a kan lambobin da ke rubuce, wadda ake iya zama a warware.

Rigimar tamu ta ɗauki wata kama. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Jihar Zamfara baki ɗaya, a Maris na 2021 ta hana jiragen sama ratsa samaniyar jihar, kuma sai a Disamba na 2024 aka ɗage hanin haƙar. A tsakanin haka, cikin 2020, da aka ji labarin Babban Bankin Nijeriya zai sayi zinariya ta naira biliyan 5 ta hannun Gwamnatin Zamfara, mutanen yankin Neja Dalta suka tayar da ƙayar baya, suna tambayar dalilin da zai sa mai ya zama na kowa, zinariya kuwa ta zama ta jiha. Tambayar tana da ƙarfi a wajen doka, ko da yake abin da jihar ta ce tana yi saye ne daga hannun mahaƙa.

4.0 Yawan Abin da Ake Samu

An fara rubuta zinariyar Nijeriya a littafin gwamnati a 1913. Haƙar ta bunƙasa cikin shekarun 1930, bayan Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza, watau giram 31, daga dala 20.67 zuwa dala 35 a 1934. Yaƙin Duniya na Biyu ya karya ta, domin bayan Japan ta kama Malaya a 1942 Turawa sun juya ƙarfinsu ga kuzar Jos, har da aikin tilas. Jimillar abin da aka rubuta tun daga 1913 har haƙar ta mutu wajen tan 12 ne a Nijeriya duka, kuma mafi yawansa daga wankin yashin rafuka aka samo shi, watau zinariyar da ruwa ya riga ya wanko daga jijiyoyi. Ghana na fitar da fiye da tan 100 a shekara guda.

Farashi ne ya sāke tayar da haƙar a zamaninmu. Ozar da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haye dala 1,000 a 2008, ta kusa 1,900 a 2011, ta wuce 4,000 a 2025. Manomin da a dā yake tafiya cin rani sai ya ga ranin ya zo masa har gida. Amma wannan karon ba a tsaya ga yashin rafi ba, jijiyar kanta aka bi, kuma aka kawo injin niƙan hatsi aka sa shi niƙa dutse.

Ba hukumar da ke auna abin da ke fita daga ramukan Anka da Bukkuyum a bakin ramin. Dalilin yana komawa ga yanayin jijiyar da muka bayyana: ɗaruruwan ramuka ne a warwatse cikin daji, kowanne da masu shi, kuma abin da aka samu a mako yana shiga aljihun riga. Tan guda na jan ƙarfe sai an ɗora shi a mota ya bi ta kan iyaka a gaban ma'aikatan kwastan, shi ya sa aka san Tenke Fungurume ta fitar da wajen tan 200,000 na jan ƙarfe da kimanin tan 16,000 na kobalt a 2015. Zinariya kuwa takan bi hannun dillalai daga ƙauye zuwa Gusau ko Kano, ko ta tsallaka iyaka, galibi ta ƙare a Dubai. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai. A Nijeriya, inda ake da lamba tabbatacciya shi ne Segilola a Jihar Osun, mahaƙa mai buɗaɗɗen rami ta kamfanin Thor Explorations, wadda ta fara aiki a 2021 ta kuma fitar da wajen oza 98,000 a 2022, kimanin tan 3. A can an huda ƙasa an tabbatar da jijiya ɗaya mai tsawo da kauri, mai kimanin giram 4 a kowane tan na dutse, kafin a kawo injin ko ɗaya. Sandar zinariya mai kilo 12.5 da aka nuna wa Shugaba Buhari a Yuli na 2020, ƙarƙashin shirin gwamnati na sayen zinariyar ƙananan mahaƙa, ba ta kai abin da Segilola ke fitarwa cikin kwana biyu ba a 2022.

Abin baƙin ciki, lambobin da aka ƙidaya da kyau a yankin namu na asara ne. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda muke kira Na-gari Na-kowa, suka lura yara na mutuwa da farfaɗiya a wasu ƙauyuka. Binciken da aka yi a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Abin ya shafi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin ɗari, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin gida a lokacin ita ce 400 cikin miliyan.

Nan ma dutsen ne ya yi bayani. Ma'adinin kwallin da ke can ƙasa ba ya narkewa da sauƙi a cikin ciki. Amma a kusa da saman ƙasa, inda ruwa da iska suka daɗe suna cinsa, ya rikiɗe ya zama wani farin ma'adinin dalma wanda ruwan ciki ke narkarwa nan da nan. Shi aka kawo cikin gidaje, mata suka farfasa shi a turmi, aka niƙa shi a bushe, aka wanke, aka kama zinariyar da zaiba, aka shanya saura a tsakar gida inda yara ke rarrafe. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, Bagega kuwa ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a 2022 bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan annoba ta sāke aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja a 2015, a kan irin wannan dutse.

5.0 Wurin Niƙa

Bayan annobar an matsa wa mahaƙa su fitar da niƙa daga cikin gidaje zuwa wani fili a bayan gari, wanda suke kira daba, an kuma koya musu niƙa da ruwa domin ƙura ta kwanta, da wanke jiki da sāke tufafi kafin komawa gida. An yi haka ne domin lafiya, amma muna ganin yana da wani amfani da ba a kula da shi ba. Ramuka na ƙaura, injin niƙa kuwa yana buƙatar ruwa da mai da makaniki, saboda haka yakan zauna wuri ɗaya. Dabar ita ce kaɗai inda dutsen ramuka masu yawa ke haɗuwa kafin zinariya ta shige aljihu. In hukuma ta yi wa dabobin rajista maimakon bin ramuka, ta ajiye ma'auni da mai saye da farashin kasuwa a kowace, ta kuma ajiye ƙaramar na'urar nan ta hannu da aka auna ƙasar ƙauyuka da ita a 2010, za a iya gwada kowane buhun dutse a ga yawan dalmarsa kafin ya shiga injin, a kuma rubuta giram nawa ya bayar da sunan ramin da ya fito. Rajistar shekara biyu ko uku ta irin wannan za ta nuna wa masana duwatsu jijiyoyin da suka cancanci a kai musu injin huda, ta kuma ba Jihar Zamfara lambar da za ta tsaya a kai in ta zo neman kashi 13 cikin ɗari da sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadar wa jihar da aka samo ma'adini a cikinta.